Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga iyayenmu shugabannin kasuwannin Kano: ayarinmu ba shi da madugu a bakin teku

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kantin Kwari, Dawanau, Singa, Sabon Gari, Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa, da kuma shugabannin KACCIMA, wato cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga iyayensa, ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya rufa asiri. Na san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, don haka ba koya muku kasuwanci na zo yi ba. A gabanku na tashi, a shagon mahaifina da ke Kwari na koyi auna yadi da ninke atamfa tun ina firamare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɓangare na wannan kasuwancin da muka bar wa wasu, muna ji muna gani, kuma duk shekara yana cin dukiyarku, alhali 'ya'yanku da za su iya riƙe shi suna zaune da takardun digiri a ƙarƙashin katifa. Ina nufin aikin takardun shigo da kaya da fitar da su, da sanin dokokin kwastan.

Bari in fara da abin da ya jefa ni cikin wannan sana'a.

Wata shekara mahaifina ya yi odar kwantena ɗaya ta atamfa daga Guwanzu ta ƙasar Sin, da lissafin ta iso Kano kafin azumi don kasuwar Sallah. Jirgi ya iso Legas a kan lokaci. Ejan ɗin da ke fito mana da kaya ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai muka sani a waya, kuma wani maƙwabcinmu a layi ne ya haɗa mu. An yi ciniki da shi a dunƙule, kwantena kaza, kuɗi kaza, ya kawo ta har Kano. Mako na farko ya ce gobe. Mako na biyu ya ce an samu 'yar matsala, a ƙaro kuɗi. Aka ƙara. Da azumi ya kai goma, Baba ya ce in hau mota in je in gano. Na kwana a hanya, na sauka da ƙishin azumi, na tsaya a bakin ƙofar tashar jiragen ruwa da ledar takardu a hammata, tireloli sun yi layi iya ganin ido, ban san ko wace taga ake tambaya ba. Wani dattijo mai injin kwafe takardu a cikin wata 'yar rumfa shi ya tausaya mini. Ya shimfiɗa takardun a kan injinsa, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi guda goma, ya ce, "Yaro, me babanka ya sayo?" Na ce atamfa. Ya ce a nan farin yadi aka rubuta, wanda ba a rina ba, ba a buga masa zane ba. Sannan ya gangaro da yatsan kan farashi, sai na ga kuɗin da aka rubuta bai kai rabin abin da na san Baba ya tura ba.

Abin da ya faru a fili yake. Tunda a dunƙule aka biya ejan, duk abin da ya rage daga kuɗin fito ribarsa ce. Sai ya sauya wa kayan suna, ya karya musu farashi. Da aka buɗe kwantena jami'ai suka ga atamfa, suka rubuta cikon haraji da tara, kuma aikinsu suka yi. Kamfanin jirgi yana ƙirga kuɗin jinkirin kwantenarsa kullum, masu filin ajiya suna ƙirga nasu. Sunan da ke kan kowace takarda kuwa na kamfanin mahaifina ne, mutumin da bai taɓa cewa a yi masa ƙarya ba, kuma ko an miƙa masa takardun ba zai gane inda ƙaryar take ba. Kaya suka iso Kano bayan an sauko daga Idi da mako biyu, zanen ya riga ya cika kasuwa daga hannun wasu, aka sayar a faɗuwa. Baba ya ce ƙaddara ce, kuma na yarda ƙaddara ce. Amma daga ranar na ƙudurta sai na iya karanta lambobin nan guda goma. Na koma Legas na yi shekaru ina ɗaukar jaka a bayan masu aikin, yanzu kuma takardun fitar da amfanin gona nake yi a nan gida.

Na tabbata babu layi ɗaya a Kwari ko Singa da ba za a samu mai irin wannan labari ba.

Iyayena, abin da ke ba ni takaici shi ne wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke kai ayari Gwanja saro goro, ba mai dukiya mafi yawa ake naɗa wa madugu ba, wanda ya san hanya ake ba. Shi ya san wane sarki ake kai wa gaisuwa da nawa ake kaiwa, a wane mashigi ake biyan fito, wane gari ne ake yaƙi a kauce masa. Shi ke zama a yi ciniki a kan kuɗin da za a karɓa bisa kowane jaki. A Salaga, babbar kasuwar Gwanja, kuma akwai fatoma, mai masaukin da ya san dokar gari, ya tsaya wa baƙo, ya zama shaidar ciniki. Kalmar "kuɗin fito" da muke kiran harajin kwastan da ita a yau ma daga can muka gado ta. Alhaji Alhassan Ɗantata, da ya ga hanyar ƙasa tana cin watanni, sai ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Legas, kuma da dogo ya iso Kano a 1911 yana cikin waɗanda suka fara gane abin da hakan ke nufi ga gyaɗa. Kakanninmu ba su taɓa miƙa sanin hanya ga wanda ba su sani ba. Mu ne muka zo, muka riƙe saye da sayarwa, muka saki tsakiyar, wato daga inda kaya suka hau jirgi zuwa inda suka fito daga hannun hukuma, kuma a nan tsakiyar ne riba take rayuwa ko ta mutu.

Ba ina zagin ejan-ejan na Legas ba ne. A hannunsu na koyi aiki, kuma akwai masu amana da yawa a cikinsu, waɗanda ƙungiyarsu ta ANLCA ta kafu tun 1954. Su sun ɗauki abin sana'a, uba ya koya wa ɗa, ɗa ya je ya ƙaro da takardar shaida. Mu ne ba mu ɗauke shi haka ba. Ko ejan na kirki ne, dole mai kaya ya samu nasa mutum da zai duba abin da aka rubuta da sunansa kafin a shigar.

To wane ilimi ne wannan? Duk faɗinsa, tambayoyi uku hukumar kwastan ta kowace ƙasa take yi wa kaya: mene ne wannan, nawa ne kuɗinsa, kuma a ina aka yi shi.

Tambayar farko da lamba ake amsa ta. Akwai kundi guda da Ƙungiyar Kwastan ta Duniya, mai hedikwata a Birasel, ta fara aiki da shi a 1988, ana ce masa HS, wanda ya ba kowane irin kaya a duniya lamba shida. Kusan duk bayan shekara biyar ake sabunta shi, kuma na 2022 ake amfani da shi yanzu. Ƙasashen ECOWAS suka ƙara lamba huɗu a kai ta zama goma, suka kasa haraji gida biyar tun 2015: sifili, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. Riɗin Dawanau lambarsa 1207.40 ce, ko a Tokiyo ko a Istambul. Citta idan ba a daka ba 0910.11 ce, idan an niƙa ta koma 0910.12. Gyaɗa mai ɓawo lambarta daban, ɓararriya daban. Yadi kuwa sai an san kashi nawa ne auduga a ciki, nauyin murabba'in mita ɗaya giram nawa ne, fari ne ko rinanne ko mai zane, kafin a san gidansa. Yaron da ya tashi a Kwari yana murza yadi da yatsu biyu ya gaya maka akwai roba a ciki, ya riga ya yi rabin wannan karatu. Abin da ya rage masa shi ne a zaunar da shi a gaban kundin ya koyi ƙa'idojin fassara shi guda shida. Wanda bai taɓa riƙe yadi ba sai ya shekara kafin ya kamo shi.

Tambaya ta biyu ita ce ta kuɗi. Dokar da ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka amince da ita ta ce a fara da ainihin abin da mai saye ya biya, kuma a Najeriya ana haɗawa da kuɗin jirgi da inshora kafin a lissafa haraji, sannan harajin VAT na kashi 7.5 ya hau. Wanda ya ajiye takardunsa daidai, daga Form M, takardar neman shigo da kaya da ya buɗe a banki, zuwa rasiɗin mai sayarwa, zuwa shaidar tura kuɗi, yana da bakin magana idan PAAR, takardar kimanta kaya da kwastan ke fitarwa, ta fito da farashin da ya fi nasa. Zai iya rubuta ƙorafi da hujja. Wanda ya tura kuɗinsa ta bayan fage, aka rubuto masa rasiɗi na biyu, ba shi da ta cewa, duk abin da aka ɗora masa sai ya ɗauka.

A nan ne kuma haruffan nan uku-uku na sharuɗɗan ciniki da ake kira Incoterms, masu nuna abin da ke wuyan mai saye da na mai sayarwa, suke shigowa, waɗanda nake ganin Alhazai suna sa hannu a ƙarƙashinsu ba tare da an fassara musu ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Faris ce ta tsara su tun 1936, kuma bugun 2020 yana da guda 11. Na sha jin mutum yana cewa, "Ai CFR na saya, har Legas a wuyansa kayan suke." Ba haka ba ne. Kuɗin jirgi ne a wuyansa har Legas, amma da zarar kaya sun hau jirgi a can tashar Sin, duk abin da ya same su a teku asarar mai saye ce. Shi ya sa takardar inshorar da ake nema wajen buɗe Form M ba ta cika sharaɗi ba ce kawai da za a sayi mafi araha a manta. Na ga inda ruwa ya shiga kwantena, mai kaya ya buga waya Sin yana faɗa, su kuma suka turo masa hoton inda ya sa hannu.

Shugabannin Dawanau, ku kun fi kowa sanin zafin ɗaya ɓangaren. Shigo da kaya kuskurensa tara ce, amma fitar da kaya kuskurensa yakan rufe wa ƙasa gaba ɗaya ƙofa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a ciki, irin sinadarin nan na fiya-fiya da ake zuba wa buhu don kada ya yi ƙwaro. Ma'auninsu bai wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya ba. Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓorodonmu, ta taɓa dakatar da shi na shekaru saboda ƙwaron da aka gani a cikin kaya, kuma manoman Jigawa da dillalan Maigatari sun ji a jikinsu. Riɗinmu ma yana shan bincike mai tsanani a Turai saboda ƙwayar cutar salmonela. Duk waɗannan a sito suke farawa, wajen wanda ya shanya kaya a ƙasa inda awaki ke bi, ko ya fesa magani ranar da za a ɗinke buhu. Mai aikin bin ƙa'ida na gaskiya ba a ofis kaɗai yake zama ba. Yakan shiga sito da takalminsa, ya ɗebi samfur ya kai ɗakin gwaji kafin a loda, ya tabbatar an yi hayaƙin kashe ƙwari yadda ƙasar da za a kai wa ta nema, ya karɓo takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke tantance lafiyar amfanin gona. Shi zai tabbatar rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya, ba ta mutu ba, ya buɗe NXP, takardar fitar da kaya da ake buɗewa a banki, ya kuma riƙa tuna wa maigida cewa Babban Banki kwana 180 ya bayar a dawo da kuɗin kayan da aka fitar, in ba haka ba sunan kamfani ya shiga baƙin littafi.

Shi ya sa da yawa daga cikinku kuke tsayawa a sayar wa baƙi a nan cikin Dawanau, su Indiyawa da 'yan Sin da Labanawa su kai waje da sunan kamfanoninsu. Ba jari suka fi ku ba, kuma ba su fi ku sanin riɗi ba. Suna da yaro a ofis wanda ya san cewa idan an yi ciniki ta takardar lamunin banki, bankin can takarda yake dubawa, ba ya ganin riɗi. Bayani ɗaya ya saɓa tsakanin rasiɗi da takardar jirgi, yana da damar ƙin biya. Dokar da bankuna ke bi, UCP 600, ta ba shi kwana biyar na aiki ya duba, kai kuma in ba a faɗi wani wa'adi ba kwana 21 gare ka bayan lodi ka gabatar. Wannan yaron shi ne bambancin da ke tsakanin mai sayarwa da naira a bakin sito da mai karɓar dala.

Tambaya ta uku, ta asalin kaya, ita ce za ta fi amfanar 'ya'yanmu nan gaba. A Yamai Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwancin bai-ɗaya ta Afirka, a watan Yuli na 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta a farkon 2021, kuma kayan Najeriya na farko sun tashi daga Apapa a 2024. Sassaucin harajin da ke cikinta na kayan da aka yi a Afirka ne kawai. Atamfar Sin ba ta zama 'yar Najeriya don an sake mata leda a Kano. Amma fatar da aka jeme a Chalawa, da man gyaɗar da aka matse a Sharaɗa, da takalmin robar da aka zuba a Bompai, za su iya shiga Akara ko Duwala da rangwame idan akwai wanda ya iya haɗa hujjar asalinsu. Tsarin ECOWAS na ETLS, mai ɗauke haraji a kan kayan da aka yi a yankin, shi ma haka yake, ko dai kayan gaba ɗaya na gida ne, ko aikin da aka yi musu ya sauya musu lamba, ko ya ƙara musu daraja da aƙalla kashi 30. Ga kuma Nijar, wadda ta fita daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025. Duk mai loda mota zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko Damagaram ta Maigatari, ko Ƙonni ta Illela, yana buƙatar wanda ke bin sanarwar ɓangarorin biyu, yana karanta ta Faransanci kamar yadda yake karanta ta Turanci. Mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake gani bayan juyin mulkin 2023. Kowane karo waɗanda suka fi shan wuya su ne masu kayan da ba su da takardar da za ta nuna daga ina suke da inda za su.

A da uzurinmu shi ne teku tana da nisa. Yanzu tashar ta biyo mu gida. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a 2023, ta Funtuwa a 2024, ga layin dogo ana shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Dokar kwastan ta 1958 da aka daɗe ana tafiya a kanta an maye gurbinta da sabuwa a 2023. Shigar da bayanan kaya ya koma kan kwamfuta, a manhajar B'Odogwu da ta gaji tsohuwar manhajar NICIS, don haka mai zama a Zoo Road da mai zama a Apapa allo ɗaya suke kallo. Hukumar kwastan ta fito da tsarin da za ka tambaye ta lambar kayanka a rubuce tun kafin ka yi oda, ta ba ka amsar da za ta tsaya a kai. Ta kuma ƙaddamar da tsarin AEO a 2025, inda kamfanin da aka bincika aka ga littattafansa a tsare suke yake samun saurin fitar da kaya. Shugabanta ma, Bashir Adewale Adeniyi, shi aka zaɓa ya jagoranci majalisar Ƙungiyar Kwastan ta Duniya a 2025. Tambayata ita ce, kujerun da ke cikin ofisoshin Zawaciki da Funtuwa, 'ya'yan wa za su zauna a kai? Idan ba mu shirya namu ba, za a kawo masu yi daga wani wuri, kuma ba wanda zai ga laifin masu kawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga roƙona. Tsarin da ya raya kasuwanninku shi ne na yaron shago: ka ɗauki yaro, ya yi maka hidima shekaru, ka yaye shi da jari. Ku faɗaɗa wannan tsarin ya haɗa da takarda. Kowace ƙungiya ta zaɓi matasa daga cikin 'ya'yan kasuwar da suka gama jami'a ko kwalejin kimiyya, ko da goma-goma ne a shekara, ta ɗauki nauyinsu. Ba sai wanda ya karanta tattalin arziki ba. Mai lissafin kuɗi zai yi, mai shari'a zai yi, wanda ya karanta aikin gona ko haɗa sinadarai ya fi kowa dacewa da Dawanau, masu Faransanci da Larabci kuwa zinariya ne ga hanyar Nijar da Kamaru da Chadi da Masar. A fara tura su karatun watanni. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT nan kusa a Zariya, ga hukumar CRFFN da dokar 2007 ta ɗora wa rajista da horar da masu wannan sana'a, ga difilomar FIATA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, da ake karɓa a ƙasashen duniya. Ku da kanku za ku iya zama da makarantar kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ku ce ga irin kwas ɗin da kuke so, ga ɗalibai, ga kuɗi. Maganar KACCIMA tana da nauyin da ta matashi ɗaya ba ta da shi.

Amma aji kaɗai ba ya isa, wannan na faɗa da sanin wanda ya taɓa. Dole yaro ya yi aƙalla shekara guda a bakin ruwa, a Apapa ko Tin Kan ko Lekki ko Onne, ya tsaya a rana ana yanke hatimin kwantena, ya ga yadda ake fito da kwali ɗaya-ɗaya ana ƙirgawa, ya ji yadda ake magana da jami'i cikin ladabi ba tare da an tsorata ba. Ku kama musu gida a can kamar yadda fatoma yake yi wa fatake, ku damƙa su ga kamfanonin da kuka yarda da amanarsu. Kuna ba waɗannan kamfanoni aikin kwantena ɗari-ɗari, ba za su ƙi karɓar muku yara ba.

In sun dawo, kada a mayar da su 'yan aike. Nan ne nake jin tsoro. Na ga matashin da ya iya aikin nan sarai, maigidansa yana biyansa abin da bai kai na mai gadin sito ba, kuma duk ranar da ya ce "Alhaji, wannan takardar ba daidai take ba," sai a ce yaro ya cika tsoro. Bai shekara ba wani banki ya ɗauke shi sashen cinikin ƙasashen waje. Masu wannan ilimi ba sa rasa wurin zuwa, bankuna suna nema, kamfanonin jiragen ruwa suna nema, masana'antu suna nema. Idan ana so su zauna a kasuwa sai an ba su albashi na mutunci da kuma ikon cewa a dakata. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba zai iya ɗaukar ma'aikaci shi kaɗai ba, ƙungiya ta buɗe ofis guda a cikin kasuwa, duk mai Form M ko rasiɗi ya kawo a duba masa a fassara masa da Hausa kafin ya tura ko sisi, ya biya ɗan abin da ba zai gagare shi ba. Daga nan sai waɗanda suka ƙware a haɗa musu jari su yi rajistar kamfani su nemi lasisin kwastan na kansu. Wannan ita ce yayewar.

Kuma don Allah kada a manta da 'ya'ya mata. Mafi yawan aikin nan natsuwa ce da kula da ƙananan abubuwa a gaban kwamfuta. Wadda ta fi kowa iya duba takardun banki a inda nake aiki mace ce, matar aure mai 'ya'ya uku, kuma ba ta taɓa kai takarda banki aka dawo da ita ba. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kanta tun 2021 'yar Najeriya ce ke riƙe da ita, Ngozi Okonjo-Iweala.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an sha faɗa mini a fuska: "In na biya haraji cikakke, maƙwabcina ya bi ta bayan gida, wa zai sayi kayana?" Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Harajin wasu kayan ya yi yawa, canjin dalar da ake lissafi da shi ya sha hawa kaya suna kan teku, kuma kowa ya ga yadda aka yi ta kai ruwa rana a 2025 a kan kashi 4 da sabuwar doka ta ɗora bisa farashin kaya. Amma ku lissafa abin da hanyar bayan gida take ci: kuɗin da ake rabawa a hanya daga Legas zuwa Kano, motar da aka tsare a Kaduna mako uku, sito da aka rufe, kayan da aka yi gwanjonsu, da hawan jinin mai kaya. Sannan mai ilimin nan yana rage haraji ta halal, domin ya san injin masana'anta da kayan sarrafawa suna ƙananan gidajen haraji, ya san rangwamen da doka ta bayar wanda ba a nema saboda ba a san da shi ba. Idan kuma haraji ne ya yi yawa, wa zai je Abuja ya zauna da ma'aikatar kuɗi ya nuna da alƙaluma cewa lamba kaza tana kashe kasuwa kaza? Ƙungiyar masu masana'antu tana yin haka duk shekara domin tana da masu rubuta mata. Mu sai dai mu yi taron manema labarai bayan an riga an rufe shaguna. Ga kuma abin da ya fi duka, wanda ku kuka koya mana tun muna yara: rasiɗin da aka rubuta farashin ƙarya a kansa ƙarya ce, ko da wani ne ya rubuta da sunanka, kuma ba ma son ta shiga cikin abin da muke ciyar da iyali.

Ina roƙon ku sa wannan magana a ajandar zamanku na gaba, kowace kasuwa ta fito da sunayen yaran da za ta fara da su, KACCIMA kuma ta haɗa zaman da makarantun kafin bikin baje kolin Kano na bana. Akwai 'yan Arewa da dama da suka yi shekaru a wannan aiki a Legas da Fatakwal da Kwatano, na san da yawansu, kuma mun yi magana. Ranar da kuka kira, za mu zo da kundin lambobin da tsofaffin takardunmu, mu zauna da yaran a duk ɗakin da kuka ba mu, ranar Asabar da Lahadi, ba tare da an biya mu ba.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa kasuwanninmu albarka.

Wassalam,
ɗanku, daga Kano.